Yadda Ake Shiga Jerin Tseren Agogo na Keke a Maraɗi

A tseren agogo ba a sakin mahaya gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamar su, yawanci da tazarar minti ɗaya, kowa ya bi hanya guda shi kaɗai, wanda ya gama cikin lokaci mafi ƙanƙanta shi ya ci. Kulob yakan shirya shi a jere, a ce duk safiyar Lahadi ko duk bayan mako biyu, a kan hanya ɗaya, har tsawon wata biyu ko uku, ana tara maki. Ga wanda bai taɓa tsere ba, babu ƙofar shiga da ta fi wannan sauƙi. Ba cunkoson da za a kayar da kai, ba wanda zai bar ka a baya kana kallon ƙurarsa, kuma ko ka zo na ƙarshe kana da lokacinka a rubuce wanda za ka zo ka karya mako mai zuwa.

A Ingila abin ya samo asali, a shekarun 1890, lokacin da hukumar keke ta ƙasar ta hana tseren taro a kan titi. Sai mahaya suka koma fita da sassafe, ɗaya-ɗaya, cikin baƙaƙen kaya don kada su ja hankalin ƴan sanda. Har yau kulob-kulob ɗin can suna yin na mil 10, wato kilomita 16 da ɗan ɗoriya, shi ya sa za ka ji ana yawan ambaton wannan tsawon. Dalilin da ya haifi tseren shi ne dalilin da ya sa ya dace da mu: ba ya buƙatar a rufe hanya. Amma ka riƙe wannan da kyau, hanya a buɗe take, da tirela da amalanke da garken awaki duk suna kanta tare da kai.

Mataki na farko: ka je wurin masu kulob, ka yi tambaya

Kada ka jira ranar tsere. Nemi mahayan da ke fita atisaye da safe, ka gaishe su, ka ce a nuna maka sakatare ko mai horarwa. "Malam, ni sabo ne, ina so in shiga na agogo." Iyakar abin da za ka ce ke nan. Sannan ka tambayi zagaye nawa ne a jerin, da ranakunsu, da tsawon hanyar, da ko kai-da-komo ce ko zobe. Ka tambayi kuɗin shiga, na kowane zagaye ne ko na jerin duka, da ko sai kana da katin kulob ko lasisin hukumar tseren keke. Wasu sukan nemi takardar likita, yaro kuma da izinin mahaifi. Ko ba a nema ba, wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji yana gudu, ya je a duba shi kafin ya fara.

Tambayar da sababbi ke mantawa ita ce yadda ake lissafin maki, alhali ita ce ke tsara maka dukkan jerin. A wani kulob, wanda ya zo na ɗaya ne ke kwashe maki mafi yawa, a yi ta ragewa har ƙasa. Wani yana ɗaukar zagayenka mafi kyau ne kawai, misali 6 cikin 8, sauran a zubar. Wani kuma yana ba da maki ga wanda ya rage lokacinsa na baya, ta yadda mai tsohon keke da ke ƙara gyaruwa zai iya wuce gwanin da ya tsaya cik. Idan duk zagayen ake ƙirgawa, zuwa kullum ya fi gudu sau ɗaya. Ka tambayi rukuni kuma: matasa, manya, mata, da ko masu keken da ba shi da giya suna da nasu.

Keke

Wanda kake da shi ya isa farawa. Keken tsere mai lanƙwasasshen kai ya fi, amma da keken gwanjo mai giya da ma Phoenix duk agogo ɗaya ke auna su. Abin da ba a sassautawa shi ne birki biyu masu kamawa da hular kwano mai maɗauri. Kai keken wurin mai gyara saura kwana uku ko huɗu, ba ana gobe ba, don ka samu ka hau shi bayan gyaran. A ɗaure sifoki, a daidaita wili kada ya riƙa goga birki, a duba feda da kai ko suna girgiza. Sarƙa a wanke ta, a sa mai kaɗan, a goge na sama da tsumma. Sarƙar da ke sharkaf da baƙin mai tana kwasar yashin garin nan ta mai da shi abin niƙa haƙoran giya. Cire kariya da madigadi da duk wani ƙarfen da ba shi da aiki.

Taya kuma ka bi ta da ido da yatsa, ka ciro ƙaya da ɓarɓashin kwalba. Tsidau ya ɓata wa mutane tsere fiye da rashin ƙarfi, saboda haka kada ka tura kekenka cikin ciyawar gefen hanya a wurin farawa, ɗauke shi za ka yi. Siririyar taya mai milimita 25, ga mutum mai kilo 65 zuwa 70, iskar da ta kai bar 6 a ma'aunin famfo ta wadatar. Mutane suna son dura ta har ta zama dutse, suna ganin haka ya fi gudu. A kwalta mai kaushi ba haka ba ne, keken tsalle-tsalle yake yi, ƙarfinka yana tafiya a banza.

Tsayin sirdi: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da tafin ƙafa wurinsa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. Nan ne daidai.

Iska ce abokiyar hamayya

A nan zan daɗe, domin nan ne ake samun mintuna kyauta. A fili irin namu, da zarar ka kai gudun kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfinka, wajen kashi 80 cikin 100, wurin keta iska yake tafiya. Kuma jikinka ne ya fi tare ta, keken nasa kaɗan ne. Ƙarfin da ake buƙata ba ya hawa daidai da gudu: in kana so ka tashi daga 30 zuwa 33, ƙarin kashi 10 ke nan a gudu, amma iska za ta nemi ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfi. Wannan ƙarin ba ya samuwa a mako ɗaya. Rage faɗin jikinka kuwa yana samuwa yau.

Ka riƙe ƙasan kan keke, ka lanƙwasa gwiwar hannu, ka matse su ciki, ka kwantar da baya, ka sauke kai tsakanin kafaɗu. Ido dai yana gaba. Mai sunkuyar da kai yana kallon taya shi ne ke shiga bayan amalanken da ba ya motsi. In kan kekenka miƙaƙƙe ne, matso da hannuwa ciki kaɗan, iya inda yatsa zai kai birki. Riga ta kama jiki. Wadda ke kaɗawa tana kumbura ja da baya take yi, in ba ka da ta tsere ka sa matsattsiyar rigar ƙwallo ka cusa ta a wando.

Akwai ƙarafa biyu da ake ɗaurawa a tsakiyar kai, mahayi ya kwantar da damatsa a kansu. Sun yi suna ne a 1989, a zagayen ƙarshe na Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa. Greg LeMond na Amurka ya shiga tseren agogo na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris yana bayan Laurent Fignon na Faransa da sakan 50. Shi ya ɗaura ƙarafan, Fignon bai ɗaura ba. LeMond ya doke shi da sakan 58 a ranar, ya cinye gasar mako uku da sakan 8. Suna aiki, babu shakka. Sai dai hannunka yana nesa da birki, kuma iskar tirela in ta wuce tana iya jefa ka gefe. Ra'ayina, sabo ya yi jerin farko ba tare da su ba. Wanda ya sa su kuma ya tambayi kulob ko an yarda, ya saba da su a hanyar da ba kowa, ya sauke hannu duk inda ya hango mutane ko dabbobi.

Ka san hanyar kafin ranar

Ka hau ta a hankali aƙalla sau biyu, a irin lokacin da za a yi tseren. Ka haddace inda rami yake, inda yashi ya ci gefen kwalta, inda tudun rage gudu yake, inda shanu ke tsallakawa, da wurin juyowa. Ka samo alamomi, bishiya ko masallaci ko gada, da za su nuna maka ka ci kwata, ka ci rabi, saura kilomita ɗaya.

Sannan ka karanci iska. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi gabas, wajen Tasawa da Damagaram, da ita zai yi ta fama a tafiya, ta turo shi a dawowa. Wanda ya nufi kudu, wajen Jiratawa da Ɗan Isa, ita za ta kai shi, ya ji kamar ya zama gwani, sai ya juyo ya tarar da ita a fuska. Wannan ta biyun ita ce tarko. Da damina lissafin juyewa yake, iskar daga kudu maso yamma take zuwa.

Kada ka ɗauka abin da iska ta ci a tafiya za ta biya a dawowa. Kilomita 16 a gudun 30 minti 32 ne cif. In ka yi 8 na farko a gudun 25, minti 19 da sakan 12 ke nan, 8 na dawowa a gudun 35, minti 13 da sakan 43. Jimla minti 32 da sakan 55. Kusan minti guda ya ɓace, domin ka fi daɗewa a ɓangaren da kake tafiya a hankali. Abin da wannan ke koya maka shi ne ka ɗan ƙara matsa feda inda iska ke gabanka ko inda hanya ta ɗan hau, ka ɗan sassauta inda take bayanka. Ɗan kaɗan nake nufi, ba ka kashe kanka ba.

Su ma masu shiryawa, a wannan zamanin, gara hanyar ta tsaya kusa da gari, a yi da hasken rana, a sanar da jandarmomi ko ƴan sandan da ke shingen hanyar, a kuma kauce wa ranar kasuwar garuruwan da ke kanta.

Atisaye

Mako shida kafin zagayen farko, kwana uku ko huɗu a mako, ya isa. Rana ɗaya doguwar tafiya ta awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a gudun da za ka iya hira da na kusa da kai. Rana ɗaya aikin tsere: bayan ɗumama jiki, minti 10 a ƙarfin da ba za ka iya faɗin fiye da kalma biyu ko uku ba, hutun minti 5 kana juya feda a hankali, sai wani minti 10. Duk mako ka ƙara, har ka kai sau biyu na minti 20. Rana ta uku gajeru masu zafi, minti 3 sau biyar, da hutun minti 3 a tsakani. Wannan na minti 10 zuwa 20 shi ne ginshiƙi, a cikin yanayin kwanciyar da za ka yi tsere da ita, don baya da wuya su saba.

Ka koyi juya feda da sauri maimakon danna giya mai nauyi. Juyi 85 zuwa 95 a minti shi ne inda yawancin mutane ke daɗewa ba tare da cinya ta ƙone ba. Ƙirga saukar ƙafar dama cikin sakan 15, in ka samu 22 ko 23 kana daidai. Giya mai haƙora 50 a gaba da 17 a baya, a juyi 90, tana ba da gudun kilomita 33 a awa. Ka ga ba sai ka hau giyar ƙarshe ba.

In jerin ya fara, tseren kansa ya zama atisaye mai zafi na makon, sai ka rage ɗaya daga sauran. Saura kwana biyu ka huta, ana gobe ka yi rabin awa mai sauƙi.

Daren tsere da safiyarsa

Ka ci abin da ka saba ci, tuwo ko shinkafa da wake ko dambu, ban da maiƙo da yaji mai yawa. Ka haɗa kayanka tun dare: hula, gorar ruwa, famfo, tub na ajiya, fil huɗu na maƙala lamba, kuɗin shiga. Tun da yawanci da hantsi bai yi ba ake farawa, babu lokacin narkar da abinci mai nauyi. Bayan sallar asuba kofin koko, ko burodi da shayi, ko ayaba da dabino uku zuwa biyar. Ƙosai da fura mai kauri su jira ka dawo. Ka sha ruwa wajen rabin lita a cikin awa biyun da ke gaban farawa, kurɓi-kurɓi. Tseren rabin awa ba ya buƙatar ci a hanya, da sanyi ma ko gora ba dole ba ce. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 da rana, ka tafi da ita, ka jiƙa kai da riga kafin a sake ka. Bayan ka gama, ruwan gishiri da sukari yana mayar da abin da gumi ya fitar: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Wani zai iya raɗa maka cewa ƙwaya tana ƙara ƙarfi. Tramol ɓoye maka ciwo yake yi, ya kawo jiri da gyangyaɗi, kai kuwa kana kan hanyar da manyan motoci ke bi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta shi a gasa tun Maris 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta bi sahu a Janairu 2024. Haka kuma mai zazzaɓi, ko wanda bai daɗe da tashi daga maleriya ba, ya bar wannan zagayen ya wuce. In jerin ya faɗo cikin azumi, abin da ya fi shi ne kulob ya dakatar sai bayan salla.

Ka isa wurin saura minti 45. Rubuta suna, biya, karɓi lamba, ka tambayi ainihin mintin tashinka, ka daidaita agogonka da na mai riƙe lokaci. Lamba a ƙasan baya ake maƙala ta, fil a kowace kusurwa, ta kwanta kada ta riƙa fiffika. Ɗumama jiki minti 20: goma a hankali, biyar kana ƙarawa, sai gajerun gudu biyu ko uku na sakan 30, ka sake sassautawa. Ka yi shi a wajen hanyar tseren in an riga an fara sakin mutane. Da sanyin Janairu, da rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe 7, ka ƙara minti biyar ka bar rigar sanyi a jikinka har a kira lambarka. Saura minti uku ka kasance a layi. Wanda ya makara, agogonsa ya riga ya fara tafiya tun mintin da aka rubuta masa.

Tashi, da minti ukun da ke kashe mutane

Wani zai riƙe maka sirdi ta baya don ka ɗora ƙafa biyu a feda. Ka kama birki, ka tsaya a tsakiya, ka yarda da shi. In ba ka saba ba ka ce, "Yaya, bar ni in sa ƙafa ƙasa," ba abin kunya ba ne. Ƙafarka mai ƙarfi ta kasance a sama, ta ɗan wuce gaba. Giya matsakaiciya, wadda za ka iya juyawa daga tsaye. Mai agogo zai ce saura 30, saura 10, sannan biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya, tafi. Ka miƙe tsaye juyi goma zuwa sha biyar, ka zauna, ka kwanta, ka sauya giya ɗaya-ɗaya.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci a wannan rubutun. Jikinka sabo ne, mutane suna kallo, zuciya tana bugawa, duk gudun da ka yi a mintunan farko ba za ka ji zafinsa ba. Ƙarya jikin ke yi maka. Akwai iyakar ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na rabin awa, in ka haura ta na minti biyu ko uku, bashi ka ci, kuma za ka biya da riba: cinya ta yi nauyi, numfashi ya sarƙe, gudun ya sauka ƙasa da inda da ka tsaya tun farko. Sakan goma da ka samu a kilomita na farko zai ci maka minti guda a sauran. Ƙarfinka kamar hatsin rumbu ne da ake so ya kai kaka, wanda ya buɗe shi ya yi ta awo tun da rani shi ke sayen tiya da tsada a tsakiyar damina.

Saboda haka ka raba hanyar huɗu. A kwatan farko ka ji kamar kana rowar ƙarfi, har ranka ya ce maka ka yi sanyi da yawa. In ka ji haka, daidai kake. A kwata na biyu ka zauna a kan ƙarfin nan na atisayen minti 20, numfashi mai zurfi, mai tsari, juyin feda bai sauka ba. Kwata na uku shi ne mafi wuya, domin ƙarshe yana nesa, jiki ya fara ƙorafi, hankali ya fara yawo. A nan ake asarar lokaci ba tare da an sani ba. Ka ba hankalin aiki: ƙirga juyi, duba ko gwiwar hannu ta buɗe, ko kafaɗa ta ɗage, ka zaɓi bishiyar da ke gaba ka ce sai na kai ta, in ka kai ka zaɓi wata. Ka riƙa tambayar kanka, zan iya riƙe wannan har ƙarshe? In amsar ita ce e da sauƙi, ƙara. In a'a ce, rage giya ɗaya. In "wataƙila" ce, kada ka taɓa komai. Kwatan ƙarshe ka fara zuba abin da ya rage, kilomita na ƙarshe kuma ka zube shi duka.

In kana da agogon gudu a kan keke ko a salula, kada ka bi lambarsa ido rufe. A iskar hunturu 26 na iya zama aikin da ya fi 34 wuya. Numfashi da cinya su ne ma'auni.

Wurin juyowa, ka rage giya biyu tun kafin ka taka birki, ka waiwaya ta hagu, ka duba gaba. Mutumin da kulob ya tsayar a wurin nuna maka wuri yake yi, ba shi da ikon tsayar da mota. In abin hawa na zuwa, jira. Sakan biyar ne. Ka juyo, ka miƙe tsaye ka dawo da gudu, ka koma hannunka na dama.

Za ka kamo wani, ko wani ya kamo ka. Haramun ne ka laɓe a bayansa, domin mai bin bayan wani yana samun sauƙin kusan kashi 30 cikin 100, wannan kuwa sata ce a tseren da kowa ke shan iskarsa. A dokar UCI, mai wucewa yana barin mita 2 a gefe, wanda aka wuce kuma ya ja baya har mita 25. In kai ka kamo, duba baya, wuce gaba ɗaya, kada ka tsaya kafaɗa da kafaɗa. In kai aka kamo, kada ka bi shi da zuciya, tserenka daban nasa daban. A gasar keke ta duniya ta Kigali, babban birnin Ruwanda, a Satumba 2025, karo na farko da aka yi ta a Afirka, Remco Evenepoel na Beljiyam ya kamo Tadej Pogačar na Sloveniya wanda ya riga shi tashi da minti biyu da rabi, ya wuce shi, a shekarar da Pogačar ya ci Tour de France. Bin bayan mota ko kabu-kabu shi ma laifi ɗaya ne, ga haɗari.

In ka ji sanyi yana ratsa ka cikin zafi, ko jiri, ko gani ya fara dushewa, ko ƙirji ya ɗaure, sauka ka nemi inuwa. In taya ta yi faci, ka gyara ka dawo a hankali, ka tabbata ka gaya wa mai agogo ka fita, kada a tashi mutane neman ka a hanya.

Layin ƙarshe da abin da ke bayansa

Kana tsallake layi ka ɗaga murya ka faɗi lambarka. Kada ka tsaya a wurin, kada ka je kan mai agogo kana tambayar lokacinka, yana da mutum a bayanka da zai rubuta. Ka ci gaba da juya feda a hankali minti goma, ka sha ruwa, ka dawo a karanta sakamako. Ka gode wa waɗanda suka tsaya a rana dominka.

A ranar, kafin ka manta, ka rubuta a ɗan littafi: kwanan wata, lokacinka, lokacin da ka kai wurin juyowa, inda iska ta fito, abin da ka ci, giyar da ka fi amfani da ita, inda ka ji ka mutu. In rabin farko ya fi na biyu sauri sosai kuma ba iska ce ta jawo ba, ka san ka yi gaggawar tashi. Ka rubuta lokacin mutum biyu ko uku da kuke kusa da juna. Ranar da iska ta yi ƙarfi kowa lokacinsa zai lalace, sai ka ga ka ƙara sakan 40 ka ɗauka ka koma baya, alhali su sun ƙara minti guda. Tazarar da ke tsakaninku ita ce ke faɗin gaskiya.

Daga zagaye zuwa zagaye, abu ɗaya za ka sauya. Wannan makon tsayin kai, mako mai zuwa iskar taya, na gaba yadda kake tashi. In ka sauya uku a tare ka yi sauri, ba ka san wanne ya yi aiki ba. Sabo yakan rage lokaci da yawa a zagaye uku ko huɗu na farko, yawanci don ya koyi rabon ƙarfi ne, daga nan sai abin ya tsaya, a koma neman sakan biyar-biyar. In ka ga mako biyu a jere kana ja da baya kuma ƙafa tana nauyi tun a ɗumama jiki, hutu kake buƙata, ka ɗauki kwana uku ko huɗu ba ka taɓa keke ba.

Yawancin kulob suna so kowane mahayi ya bar zagaye ɗaya ya yi aiki, riƙe sirdi ko rubuta lamba ko tsayuwa a wurin juyowa. In ana zubar da zagaye mafi muni, ka zaɓi makon da ka gaji ko kekenka ke wurin gyara, ka faɗa wa sakatare tun da wuri. Ranar ka zo da riga mai haske, da jan ƙyalle, da biro biyu, da salula mai caji da lambar mai agogo a ciki, ka rubuta lambar duk wanda ya juyo a gabanka, kada ka bar wurin sai na ƙarshe ya wuce.